In Mushe Ya Tafi Horo, Wa Zai Riƙe Ajin?

Ƙarfe goma na safe, lokacin da ya kamata a ce kowane yaro yana gaban allo, wani lokaci sai ka ga 'yan lakwal da kakinsu suna ratsa layukan Zongo a Kwatano, jaka a baya, suna kauce wa 'yan zemijan, masu haya da babur sanye da rawayar riga. Uwa ta leƙo daga ƙofar gida ta ce, "Kai, lafiya? Me ya maido ka yanzu?" Yaro ya ce, "Inna, mushe ne ba ya nan, ya tafi formasiyo. Direkta ya ce mu dawo da yamma." Yaron bai yi ƙarya ba, malamin ma bai gudu daga aiki ba. Hukuma ce ta kira shi ya ƙaro sani, wataƙila ma don ya dawo ya koya wa sababbin malamai sana'ar. Sai dai wanda ya rubuta takardar gayyatar bai rubuta ta biyu ba, wadda za ta faɗi wanda zai tsaya a ajin kafin ya dawo.

Wannan takarda ta biyu kuɗi take ci, shi ya sa ake mantawa da ita.

Kafin a kai ga kuɗin, ya kamata a san dalilin da ya sa Jamhuriyar Benin take matuƙar bukatar tsofaffin malamai su riƙa rainon sababbi. A ƙarshen shekarun 1980, zamanin Mathieu Kérékou, aljihun gwamnati ya ƙafe har albashi ya gagara, shekarar karatu ta 1989 ta tafi a banza. Tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ya sa aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, makarantun horar da malamai kuma suka daɗe a rufe. Yara ba su daina zuwa duniya ba. Ƙungiyoyin iyaye ne suka riƙa ɗauko duk mai ɗan karatun da ke kusa, su haɗa masa abin da ya samu, su damƙa masa alli. Da gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare a watan Oktoba na 2006, azuzuwa suka ƙara tumbatsa. Makarantun horar da malamai sun dawo aiki a garuruwa irin su Porto-Novo da Abomey da Djougou da Kandi, amma abin da suke yayewa bai cike giɓin ba.

A 2019 gwamnatin Patrice Talon ta fito da wani tsari: matasa masu takardun karatu su zauna jarrabawa, a sa sunayen waɗanda suka ci a rumbun bayanai, a riƙa tura su makarantun da ba su da malamai. Su ne ake kira AME, wato masu neman shiga aikin koyarwa. Da farko albashin wata tara ake ba su a shekara. Sai a watan Maris na 2024 gwamnati ta amince a biya su wata goma sha biyu cur, da ƙarin jaka ashirin na kuɗin sefa kowane wata, da inshorar lafiya, da hutun haihuwa ga mata. Dubbai ne, kuma da yawansu sun san darasin da za su koyar amma ba su taɓa tsayawa gaban yara ba sai ranar da aka miƙa musu aji.

A unguwa irin Zongo abin ya fi wuya. Yaron da aka kai ajin farko, CI, daga gida yake zuwa da Hausa, ko Dendi, ko Zabarmanci, ko Yarabanci, na kusa da shi kuma da Fon, alhali karatun duk da Faransanci ake yinsa. Wasu sun riga sun yi karatun allo da asuba kafin su iso, hannunsu ya saba fara rubutu daga dama. Babu jami'ar da take koya wa mutum yadda zai yi da irin wannan aji. A wurin wanda ya daɗe a cikinsa ake koyo.

Ka shiga ajin tsohuwar malama lokacin lissafi ka gani. Ta faɗi tambaya sau biyu, ta buga tebur da sanda, yara suka duƙa kan ƙananan allunansu. Ta sake bugawa, suka ajiye alli. Bugu na uku, alluna hamsin suka tashi sama lokaci guda. Kafin ka ƙifta ido ta zagaye su da kallo, ta gane cewa su shidan nan na baya ba su iya aro ba a ɗebewa, wancan kuma na bakin taga ya san amsar, lambar ce kawai ya rubuta a juye. Sabon malami zai yi duk wannan, bugun tebur da komai, alluna su tashi, shi kuwa bai ga komai ba sai farin alli. Zai tambayi na gaba biyu da suka saba ɗaga hannu, ya ce madalla, ya wuce. Abin da zai raba shi da wannan makantar shi ne wani ya zauna a bayan ajinsa ya kalle shi, bayan an tashi ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka lura da layin baya kuwa?" Sannan shi ma a ba shi dama ya je ya kalli na wancan.

Matsalar ita ce duka biyun a lokacin karatu ake yinsu. Ba a kallon darasi ranar Lahadi. Duk sa'ar da tsohuwar malamar ta yi a bayan ajin sabon, nata ajin ba kowa. Ita kanta kuma tana bukatar horo, domin iya koyar da yara daban, iya gyara wa babban mutum aiki ba tare da ka karya masa zuciya ba daban. Mun sha ganin gwanayen malamai da ba su iya faɗin yadda suke yin abin da suke yi ba.

Ingila ce ta fito fili ta sa wa wannan lokacin farashi. A farkon 2019 ma'aikatar iliminta ta sanar da wani tsari na rainon sababbin malamai, da alƙawarin aƙalla fam miliyan 130 kowace shekara, ya kuma soma aiki a duk faɗin ƙasar a watan Satumba na 2021. Sabon malami shekara biyu yake yi a hannun jagora. A shekarar farko ana rage masa kashi 10 cikin 100 na sa'o'in koyarwa, a ta biyu kashi 5. Shi jagoran kuma aka ware masa sa'a 36 na horo cikin shekara biyu, gwamnati ta biya kuɗin sa'o'in. Inda kuɗin ke zuwa shi ne abin lura: asusun makaranta, don ta ɗauko wanda zai riƙe ajin jagoran ranar da ya fita. A wajenmu an fi sanin perdiyam, kuɗin mota da abinci da ake ba wanda ya halarci taro. Hakkinsa ne, ba mai ja. Amma perdiyam yana bin malami zuwa zauren taro ne, ba ya waiwayar yaran da aka bari.

Kada a ɗauka Turawan sun huta. Dalilin da ya sa suka shiga wannan hidima shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin malamansu suna barin aikin kafin su cika shekara biyar. Bayan an fara, jagororin suka yi ta kukan aiki ya yi musu yawa, shugabannin makarantu kuma suka ce ko da kuɗi a hannu ba kullum ake samun malamin wucin gadi ba. Daga Satumban 2025 aka taƙaita horon jagora zuwa shekara guda. Duk da haka ba su janye daga tushen maganar ba, cewa lokacin malami dukiya ce, wanda ya ɗauke shi daga aji sai ya biya.

A yi lissafin da kowane ɗan kasuwar Dantokpa zai gane. Sa'a 36 ta fi karatun mako guda a firamare. A ce ajin yara hamsin ne: sa'a 1,800 ke nan na zaman yara da aka ɗebe. In ba a biya wani ya cike gurbin ba, ai ba kyauta aka samu ba. Ko dai a sallami yaran, ko a gwama aji biyu a ɗaki ɗaya wasu a kan benci wasu a ƙasa, ko a ba wani babban ɗalibi sanda ya riƙa rubuta sunan masu surutu. Dabara ta huɗu ita ce a tura horon ranar Asabar ko cikin hutu, a ci lokacin malamin da iyalinsa. Mai hali zai ɗauko wa ɗansa malamin gida ya rama abin da ya wuce. Ɗan mai tallan goro kuwa abin da ya wuce ya wuce.

Ba a ce Benin ba ta da komai a ƙasa ba. Akwai UP, inda malaman makarantun da ke maƙwabtaka suke haɗuwa lokaci-lokaci, ɗaya ya gabatar da darasi, sauran su yi masa gyara. Nijar ma tana da irinsa, CAPED. Akwai masu ba da shawara kan koyarwa da sufetoci da ke zagaya makarantu. Benin tana cikin ƙasashe huɗun farko da aka gwada shirin IFADEM na ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, tare da Burundi da Haiti da Madagaska, inda malami ke karatu daga nesa yana kan aikinsa, wani jagora yana bibiyar sa. Amma jami'in da ke da makarantu da dama a wuyansa, sau nawa zai leƙa aji ɗaya a shekara? Shi ko direkta, wanda ake ɗauka shi ne uban kowa, a makarantu da yawa yana da nasa ajin, sau da yawa ma ajin ƙarshe, CM2, mai jarrabawar kammala firamare ta CEP. Ya kuma san abin da ya faru a 2016, lokacin da ma'aikatar ilimin firamare ƙarƙashin Salimane Karimou ta sauke daraktoci 618 saboda ba ɗalibi ko ɗaya da ya ci CEP a makarantunsu. Mutumin da ya ga wannan, ka ce ya bar 'yan jarrabawarsa ya je ya zauna a bayan ajin wani? Ko ni ne sai na yi tunani biyu.

Gwamnati kuwa ta san darajar sa'ar aji sarai. A 2018 aka yi dokar da ta taƙaita yajin aiki zuwa kwana goma a shekara, kuma babbar hujjar masu goyon bayanta ita ce watannin karatun da yara suka riƙa asara. To, sa'ar da yajin aiki ya ci da wadda taron horo ya ci, a wurin yaro duk ɗaya ne.

Abin mamaki, mutanen Zongo sun daɗe da maganin wannan a makarantar allo. Malam yakan yi tafiya, yakan je ɗaukar karatu wurin nasa malamin, amma ba a taɓa tashin makaranta don haka. Akwai gardi, wanda ya yi nisa a karatu, shi zai biya wa ƙolo, ya duba rubutun allo, ya ce wannan ya wanke wancan ya sake. Yana rufa wa malam baya, yana kuma koyon malanta a ƙarƙashin idonsa, kuma da ci da kwanansa suna cikin lissafin makarantar tun farko.

Lakwal ma tana da inda za ta samo nata gardin. Rumbun AME cike yake da sunayen matasan da suka ci jarrabawa. Da za a ɗauki ɗaya a ba kowace UP a matsayin mai cike gurbi, da albashinsa a rubuce cikin kasafi, zai riƙa zagayawa: yau ya riƙe ajin malamar da ta tafi horo, gobe na wanda ya je kallon darasin sabon malami, jibi na mai jego. A gari kamar Kwatano, inda makarantu ke kusa da juna, zirga-zirgar ba ta wuce kuɗin zemijan ba. A ƙauyukan Alibori, inda tsakanin makaranta da makaranta tafiya ce, dole a yi wani lissafin. Akwai kuma haɗarin da kowa ya sani: da zarar an ga malami ba shi da aji nasa, sai a cusa shi inda aka rasa malami gaba ɗaya, shi ke nan an koma gidan jiya. Sai an kare gurbin da doka, an kuma rubuta wa jagora sa'o'insa a jadawali kamar yadda ake rubuta na lissafi da nahawu.

Masu cewa ba kuɗi su leƙa maƙwabta. Najeriya tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 take ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, wani yanki nasa kuma na horar da malamai ne. Duk da haka a 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Kuɗin horo yana iya ƙarewa a otal da abincin rana da takardar shaida, aji bai ji ko ƙamshinsa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na bukatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030. Yawancinsu a bakin aiki za su koyi sana'ar, ko an shirya ko ba a shirya ba.

Iyayen Zongo suna da wurin magana, domin kowace makarantar gwamnati tana da ƙungiyar iyaye, ana kuma kiran taro a farkon shekara. Yawanci maganar benci da rufin kwano da gyaran bayi ake yi, a watse. Babu laifi wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam direkta, Allah ya ƙara girma. Sababbin malamai nawa aka turo mana bana, wa ke duba su, kuma ranar da mai duba su ya fita, wa zai zauna da yaranmu?" Direkta ba shi da kuɗin a aljihunsa, amma yana rubuta rahoto, rahoton kuma yana hawa daga ofishin sufeto har zuwa ma'aikata a Porto-Novo.