Rijiyar Dabaga da kuɗin dokin Faransa

Wanda ya bi hanyar da ta fita daga Agadas ta nufi duwatsun Abzin, zai iske Dabaga a bakin koramar Telwa, lambuna kore shar a tsakiyar ƙasa mai ƙuna. Albasa ce jarin mutanen nan, sai tumatir da alkama da dabino. Buƙatunsu ba a ɓoye suke ba: rijiyar da ba ta rushewa, injin ban-ruwa, da shingen dutse da zai tare Telwa idan ta yi fushi, kamar yadda ta yi a watan Satumban 2009 ta cinye gidaje da garake har cikin Agadas.

Duk wannan kuɗi ne. To, idan daga caca ya fito fa?

A Nijar, gwamnati ce da kanta ke riƙe da kamfanin caca na ƙasa, wato LONANI, mai gudanar da cacar tseren dawaki ta PMU. Dawakai na tsere a Faransa, mai shayi a Yamai ko Agadas yana cike takarda da lambobin dawakan da bai taɓa gani ba. Abin da ya rage bayan an biya masu sa'a na hukuma ne, kuma da shi ake cewa ana yi wa ƙasa aiki.

Ƙasar Niyu Zilan ta fi kowa fito da lissafin fili. Dokarta ta 2003 ta ce injinan caca da ke mashaya sai ƙungiyoyin da ba na neman riba ba za su mallake su, kuma a yau tilas aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da injin ya ci ya koma ga jama'a. Ƙungiyar ƙwallo ko ta masu agaji ta rubuta takardar neman tallafi, kwamiti ya duba ya ba ta. A takarda abin gwanin sha'awa.

Sai dai injin ba ya haƙo kuɗi daga ƙasa. An tsara kwamfutar cikinsa ne yadda abin da take mayarwa ba zai kai abin da aka zuba mata ba idan aka daɗe ana wasa. Kowace dala ta tallafin asarar wani ce, kuma can ɗin ma injinan sun fi yawa a unguwannin talakawa. An yanki naman mutum, an ba maƙwabcinsa romo, ana jira a yi godiya.

Najeriya ta gwada irin nata da dokar 2005 da ta kafa asusun amana na caca. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce harkar ta jihohi ce, ba ta tarayya ba. A shekarar kuma Hisbar Kano ta garƙame shagunan caca, don hukuncin addini a kai ba mai neman dogon bayani ba ne.

Ni dai inda na fi tsayawa shi ne wanda ke biya. Manomin Dabaga ya yi wata da watanni yana ban-ruwa, ya loda buhunan albasa zuwa Agadas, kuɗi suka shigo hannu sau ɗaya. Idan ɗansa ya bar jaka goma a rumfar PMU, ko da a ce tsarin Niyu Zilan ake bi sak, abin da zai koma ga jama'a ba zai kai jaka huɗu ba, don sai an fara biyan masu sa'a, kuma ba lalle ya biyo hanyar Telwa ba.