Shin Ko Kun San? Tseren Kwale-kwale na Mutum Ɗaya da Zakarunsa na Farko

Shin ko kun san akwai tseren da mai yinsa ba ya ganin inda ya dosa? A tseren kwale-kwale na mutum ɗaya, matuƙi yana zaune ne ya juya wa gaba baya, filafili ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, cikin siririn jirgin da faɗinsa bai wuce mazaunin mutum ba. Wanda ya saba kallon tseren Argungu, inda ake fuskantar gaba da filafili guda, sai ya ga abin bambaraƙwai. Amma akwai daɗi ga wanda ke gaba: yana kallon duk waɗanda ya bari a baya.

Shin ko kun san masu fito ne suka fara wasan? A Landan ta da, gadoji kaɗan ne, don haka dubban mutane ke cin abinci da tsallakar da jama'a Kogin Thames. A 1715 wani ɗan wasan kwaikwayo mutumin Ailan, Thomas Doggett, ya sa kyautar kwat da lambar azurfa ga samarin da suka gama koyon sana'ar, su yi tsere daga Gadar Landan zuwa Chelsea, kimanin kilomita 7.4. Har yau ana yin wannan tsere.

A 1831 Charles Campbell ya doke John Williams ya zama zakaran Thames, kuma daga wannan kambi ne aka samu na duniya. Tsarinsa irin na dambe ne. Mai jin ƙarfi ya ƙalubalanci zakara, kowane ɓangare ya ajiye kuɗi, a sa rana, 'yan caca su cika gaɓar kogi. Wanda ya ci ya kwashe.

Shin ko kun san shekara 45 kambin ya yi bai bar hannun 'yan Ingila ba? Richard Green ya zo daga Ostireliya a 1863, Robert Chambers ya kayar da shi. James Hamill ya zo daga Amurka a 1866, Harry Kelley ya mayar da shi gida hannu rabbana. Sai a watan Yunin 1876 wani dogon mai fasa dutse daga Sydney, Edward Trickett, ya doke Joseph Sadler a kan Thames ɗin kanta. Shi ne ɗan Ostireliya na farko da ya zama zakaran duniya a kowane irin wasa, kuma dubban mutane suka fito tarbarsa.

To amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Ned Hanlan na Toronto, a Kanada. Ba shi da tsayi, ba shi da jiki. In ya tsaya kusa da Trickett sai ka ce ƙaninsa ne. Sirrinsa wata sabuwar dabara ce ta lokacin: mazauni mai zamewa gaba da baya, wanda ke bai wa matuƙi damar turawa da ƙafafu maimakon dogaro da damtse da gadon baya kawai. Wasu ma sun sa irin wannan mazauni a jiragensu, amma Hanlan ne ya laƙance shi. Ranar 15 ga Nuwamba 1880 ya kara da Trickett a kan Thames daga Putney zuwa Mortlake, kilomita 6.8, ya kuma mayar da abin wasan yara. Ya kan tsaya ya yi wa 'yan kallo magana, ya kwanta cikin jirgi kamar ya suma, da Trickett ya matso sai ya tashi ya sake ba shi rata. A ganina wannan ya wuce gwaninta ya shiga wulaƙanci, amma 'yan kallo abin da suke so ke nan.

Inda kuɗi ke yawo kuwa ba a rasa maguɗi. A 1879 aka shirya karawa tsakanin Hanlan da Ba'amurke Charles Courtney a Tafkin Chautauqua, kan dala 6,000. Gari na wayewa aka tarar an yanke jirgin Courtney biyu da zarto. Hanlan ya tuƙa shi kaɗai ya kai ƙarshe, aka bar jaridu da gardamar ko hannun wa ke ciki.

Maƙeri ne ya kawo ƙarshen mulkin Hanlan: William Beach na Ostireliya, a Kogin Parramatta, 1884. Beach ya ajiye kambin a 1887 ba wanda ya ƙwace masa. Wani ɗan ƙasarsu, Henry Searle, ya ɗauka a 1888, ya je Landan ya kare shi a 1889, zazzaɓin taifot ya kama shi a hanyar komawa gida, ya mutu yana ɗan shekara 23. An kiyasta mutum 170,000 ne suka fito jana'izarsa a Sydney.

Shin ko kun san an taɓa yin gasar kambin duniya a Afirka? A watan Agustan 1910, Richard Arnst na New Zealand ya doke Ernest Barry na Ingila a Kogin Zambezi, kusa da magangarar ruwan Victoria, kogin dorina da kada. Barry ya rama a Thames a 1912.

Duk waɗannan 'yan neman kuɗi ne. 'Ya'yan masu hali suna da tasu gasar daban, inda ba a karɓar ko sisi: Wingfield Sculls tun 1830, da Diamond Challenge Sculls ta Henley tun 1844. Baƙo na farko da ya ci ta Henley ɗan Holan ne, J.J.K. Ooms, a 1892. Ba'amurke na farko kuma Edward Hanlan Ten Eyck, a 1897. Abin takaicin shi ne dokarsu, wadda ta hana duk mai aikin hannu shiga, lebura ne ko mai sana'a. Wato wasan da masu fito suka raina, an rufe wa irinsu ƙofa.

Shin ko kun san dokar nan ta taɓa jawo wa masu ita kunya? A 1920 Henley ta ƙi karɓar Jack Kelly na Philadelphia, wanda ya koyi aikin birkila. Akwai kuma tsohuwar tsama tsakaninta da kulob ɗinsa, Vesper. Jack Beresford ya ci gasar a wannan shekarar. Bayan 'yan makonni suka haɗu a wasan ƙarshe na Olamfik a Beljiyam, Kelly ya riga shi da daƙiƙa ɗaya, sannan a ranar ya sake shiga jirgi da ɗan'uwansa Paul Costello suka ci zinariyar mutum biyu. An soke dokar a 1937. Ɗan Kelly, Jack ƙarami, ya ci Henley a 1947 da 1949. 'Yar Jack babba kuwa ita ce Grace Kelly, 'yar fim ɗin da ta auri Yariman Monako.

Ga wasu a gurguje. An kafa hukumar wasan ta duniya, FISA, a Turin ta Italiya a 1892, ta shirya gasar Turai ta farko a Tafkin Orta a 1893. An sa tseren jirage cikin Olamfik na 1896 a Girka, iska ta hana. Saboda haka zinariyar farko ta mutum ɗaya sai a Paris a 1900, inda Hermann Barrelet na Faransa ya ci a Kogin Seine. Harry Blackstaffe na Birtaniya ya ci ta 1908 yana da shekara 40. Mata kuwa sai 1976 aka buɗe musu wannan fage a Olamfik.

Shin ko kun san agwagi sun taɓa tsayar da zakara? A Olamfik na Amsterdam, 1928, Bobby Pearce na Ostireliya yana gaba a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe sai ga uwar agwagwa da 'ya'yanta a jere suna tsallake ruwa. Ya dakata har suka wuce, abokin karawarsa Bafaranshe ya shige shi. Pearce ya bi shi, ya kamo, ya ci da rata mai yawa, ya je ya ɗauki zinariya, ya kuma maimaita a Los Angeles a 1932.