Rufin ɗaki a Tagriss da taimakon ƙasashen waje

A ƙaramar hukumar Tagriss da ke gundumar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, tayar da bango ba ya ba magidanci tsoro. Laka ce da ruwa da gayya. Wahalar tana farawa ne idan gini ya kai rufi. Azarar giginya daga nesa take zuwa da tsadarta, itatuwan da ke kusa kuma sun yi ƙaranci a wannan yanki da noma ke haɗuwa da kiwo. Mai ɗan hali sai ya sayi kwano, ya kwana cikin zufa a bazara, ya kwana da fargabar iska a farkon damina.

A manyan tarurrukan duniya ana yawan zancen gini mai ɗorewa da biranen zamani da na'urori ke tafiyar da su. Abin da ya shafi Tagriss a cikin wannan zance ya girmi tarurrukan. A 1980, a garin Cikal na yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta soma koya wa magina rufin ɗaki ba da itace ko ɗaya ba. Dabarar ta fito ne daga Nubiya, a kudancin Masar, kuma masanin gine-gine Hassan Fathy ne ya farfaɗo da ita a ƙarni na 20. Daga baya aikin ya kai Iferwan a tsaunukan Ayar tare da ƙungiyoyin kare muhalli, ya bazu zuwa Mali da Burkina Faso.

Yadda ake yin sa abin sha'awa ne. Ana buga tubalin laka ƙanana, a shanya su a rana. Magini zai zana baka a jikin bangon ƙarshe, ya riƙa jera tubalin sahu-sahu a karkace, kowane sahu na jingine da na bayansa, har rufin ya rufe ba tare da an tokare shi da katako ba. Idan ƙubba ce, sai a kafa sanda a tsakiyar ɗaki mai nuna wa magini inda kowane tubali zai zauna. Kaurin laka yana jinkirta shigar zafin rana, don haka ɗakin yana da sanyi da tsakar rana, da ɗumi a daren hunturu. Kuɗin da za a kai wa mai sayar da kwano da siminti kuma sai ya tsaya a hannun magini da masu buga tubali da mai amalanken ɗebo ruwa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da bakan gizo tun ƙarni na 19, Alhaji Falke Barmu kuma ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yama a jihar Tawa. Sai dai bakansu na ɗauke da azara a cikinsa. Abin da baƙin suka ƙara shi ne cire itacen gaba ɗaya, a daidai lokacin da fari ya cinye dazuzzuka.

A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin dai, an ga wani salon haɗin gwiwa. Mariam Issoufou 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar asalin Iran sun mai da tsohon masallacin garin, wanda shi ma Falke ya gina, ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji. An gama a 2018, da hannun maginan yankin. Wannan yana da muhimmanci, domin babban abin da ke kashe ginin laka a zukatan mutane shi ne kallon da ake yi masa na ginin talaka. Idan masallacin gari na ƙasa ne, kuma ana zuwa kallonsa daga nesa, ɗan ci-rani da ya dawo da kuɗi zai iya tunani sau biyu kafin ya sayo siminti.

Laka tana da nata sharuɗɗa, kuma duk mai ɓoye su cutar da jama'a yake yi. A damunar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, kuma da yawa gini ne ya rufta musu. Har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a wannan shekara. Rufin laka mai nauyi yana son harsashi mai ƙarfi, da indararo mai zubar da ruwa nesa da bango, da yaɓe kafin kowace damina. A arewacin Dakoro ga wata matsala: ƙasar jigawa ce, sai an nemo laka mai danƙo a fadama ko bakin tafki, ruwan kwaɓi kuma daga rijiyoyi masu zurfi ake jawo shi, waɗanda dabbobi ma ke jira. Shi ya sa ya fi dacewa a buga tubali da kaka, kafin tafkuna su ƙafe.

Ɓangaren na'urori ma ya iso karkara. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin ƙauyukan zamani na Nijar, mai nufin kai layin salula da intanet da aika kuɗi ta waya zuwa ƙauyukan da ba su da su. Makiyayi da zai ji farashin raguna kafin ya kama hanyar kasuwa ya san amfaninsa. Amma a ganina, idan masu ba da tallafi za su zo Tagriss, su fara da ajujuwan zana da ake sake kafawa kowace shekara. A ba da kwangilar aji da ɗakin shan magani da rumbun tsimi a ginin laka marar itace, a sa sharaɗin cewa kowane aiki zai yaye matasan garin a matsayin magina, a kuma ware kuɗin yaɓe a kasafin ƙaramar hukuma tun ranar da aka aza harsashi.