Faifai huɗu, tafiyar hawainiya: duba nan kafin ka goge komai

Idan kana harkar tace bidiyo, ka san wannan tashin hankalin. Ka dawo daga ɗaukar biki, amarya na jiran aikinta gobe, ka tura fayil cikin kwamfuta, sai ta ce maka saura awa shida. Haka ta faru da mu ana saura kwana biyu mu miƙa fim ɗinmu na aji. Faya-fayan ajiya huɗu ne aka haɗe su zama ɗaya a kan Linux da manhajar mdadm, tsarin da ake kira RAID 5. Buɗe fayil ba matsala, amma ajiye sabo, sai ka yi barci ka tashi.

Da farko ka sani, RAID 5 dama yana da nauyin rubutu. Yana ajiye wani lissafi na ko-ta-kwana, don idan faifai ɗaya ya mutu a iya dawo da komai. Shi ya sa ƙaramin canji kan ci aiki huɗu: karanta tsohon bayani, karanta tsohon lissafi, sannan rubuta sabbin biyun.

Amma idan nauyin ya wuce misali, bi su ɗaya bayan ɗaya. Rubuta cat /proc/mdstat. In ka ga resync ko recovery, tsarin yana gyara kansa ne, yi haƙuri ya gama. In babu, kunna iostat -x yayin da kake kwafi. Mu nan muka kama ɓarawon: faifai ɗaya yana ta nishi kusan 100%, ukun suna zaune. Wake ɗaya ke ɓata gari. Da muka duba shi da smartctl, ashe ya fara lalacewa.

Ka kuma bincika ko faifanka irin SMR ne. Shi layukansa a jere suke kamar kwanon rufi, wani kan wani, don haka dogon rubutu na sa shi sanyi sosai. Nemi CMR. In duk lafiya lau, ɗaga stripe_cache_size daga 256 zuwa 4096. A faifai huɗu kusan 64MB kawai zai ci a RAM.

Sai gargaɗi, ɗan'uwa. Za ka ga masu cewa ka cire bitmap, gudu zai ƙaru. Gaskiya ne, yana ƙaruwa. To amma shi ke tuna inda aka tsaya idan an ɗauke wuta. Babu shi, sai tsarin ya bi faya-fayan kaf daga farko, awanni kenan. Kai da ka san halin wutarmu, bar shi, ka nemi UPS.

Kuma kafin ka taɓa komai, kwafe aikin mutane zuwa wani faifai daban. RAID ba ya dawo da abin da ka goge da hannunka. Mu kwafin nan ne ya cece mu, muka miƙa fim ranar da aka ce.