Cin Zarafi a Wurin Aiki: Damuwa Ma Tana da Diyya

Wanda inji ya datse wa yatsa a masana'anta ya san zai nemi diyya. Amma wanda maigidansa ke ci wa mutunci kullum a gaban abokan aiki, ko matar da shugabanta ya matsa wa da neman lalata har barci ya ƙaurace mata, sai a ce musu su yi haƙuri, ai neman abinci ya gaji haka.

Doka ba ta ce haka ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta keɓe sashe na 8 ga matsananciyar damuwar da aiki ya jawo. Ana biya idan wani mummunan al'amari ya auku kwatsam a bakin aiki ya girgiza mutum, ko idan likitan da aka amince da shi ya tabbatar yanayin aikin, ko wani abu da ya faru a cikinsa, shi ya haifar da larurar. Har jibga wa ma'aikaci aikin da ya fi ƙarfinsa bisa zalunci dokar ta ambata.

Kuɗin ba daga aljihunka suke fita ba. Ma'aikatarku ce ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da take biya, kuma an hana ta cire shi daga naka.

Inda jama'a ke yin asara shi ne wajen hujja. Mun saba kai irin wannan ciwo wurin malam ko mai magani, muna gudun a ce an gan mu a asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko Dawanau. Addu'a ba laifi ba ce, amma takardar likita hukuma za ta tambaya. Je ka ga likita da wuri, ka faɗa masa gaskiya. Adana saƙonnin waya, ka rubuta ranakun da abin ya faru da waɗanda suka gani. Sanar da ma'aikatarku cikin kwana 14, a rubuce ya fi, sannan ka shigar da buƙatarka kafin shekara ta cika.

Idan hukumar ta ƙi biya, ana fara neman ta sake duba hukuncinta, sannan a ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda kuma ke da hurumin sauraron ƙarar neman lalata a wurin aiki kai tsaye. Sai dai ka shawarci lauya ko ƙungiyarku ta ƙwadago kafin ka zaɓi hanya, domin karɓar diyya na iya hana ka kai ƙara kan wannan cutarwar.