Ko Kun Sani? Feshin da Ya Ƙara wa Shinkafa Ƙwari

Ko kun san cewa a 1986 Shugaba Suharto na Indonesiya ya haramta fesa magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa, don feshin ne ke ƙara ɓarna? Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai launin ƙasa ne ya addabi manoman ƙasar. Yakan lafe a gindin shinkafa yana tsotse ruwan jikinta har gona ta bushe kamar wuta ta bi ta kanta. Ashe a gonar akwai masu yi wa manomi yaƙi kyauta: gizo-gizo na farauta tsakanin karare, wasu ƙwarin na cafke wanda ya faɗo kan ruwa, mazari na kamu a sama, wasu 'yan ƙananan rina kuma na saka ƙwansu cikin ƙwan maɓarnacin. Kowa da inda yake tarewa. Feshi na hallaka waɗannan, amma ƙwan maɓarnacin, da ke ɓoye cikin jikin shuka, ya tsira ya ƙyanƙyashe babu mai cinsa. Manomi, duba gonarka da kyau kafin ka ɗauki famfon feshi.