Jitar da Ta Yi Shiru Ba Lallai Ta Mutu Ba

A wata ƙaramar majami'a da ke ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi na ga jitar lantarki rataye a bango, ƙura ta rufe ta, gizo-gizo ya yi saƙa a tsagar cikinta. Na tambayi saurayin da ke kaɗa wa mawaƙan wurin, sai ya ce, "Baba, ai ta mutu. Ko an jona ta, gurnani kawai take yi." Na karɓa na duba. Katakonta lafiya lau, wuyanta bai karye ba. Abin ya dame ni, domin kayan da aka haɗa kuɗi da gumin noman rake aka saya bai kamata a yanke masa hukunci da sauri haka ba.

Jitar irin mai rabin rami ce. Kamfanin Gibson na Amurka ne ya fitar da wannan fasali a 1958 da samfurin ES-335: gefe biyu na jikinta rami ne kamar ƙwarya, amma an gicciya dunƙulen katako a tsakiya. Ramin yana ba murya taushi, dunƙulen kuma yana rage kukan nan mai huda kunne da ke tashi idan ƙarar lasifika ta koma cikin jita.

To daga ina muryar take fitowa? A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani ɗan akwati da makaɗa ke kira pikof. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla mai kaurin gashin kai, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Amfilifaya ce ke ɗaukar wannan 'yar wuta ta kumbura ta. Masanin Ingila Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a 1831, kuma ita ce dai ke aiki a cikin janaretan da ke ƙugi a bayan shagon mai cajin waya a Hunƙuyi. Saboda haka tsirkiyar roba ba ta yin magana a kan pikof irin wannan, dole sai ƙarfe. Mdou Moctar, makaɗin nan Buzu na Nijar da a yau ke zagaya duniya, da wayar burkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko da ya ƙera da hannunsa.

Naɗin nan ba kasafai yake lalacewa ba. Abin da ya fi kashe jita a ƙasarmu shi ne hunturu da ƙura. Ƙura tana shiga mamurɗan ƙara, sai ka ji ƙaras-ƙaras duk lokacin da aka murɗa. Bakin da ake soka igiya yana kwancewa, ana juya shi ana juyawa har wayar ciki ta tsinke daga inda aka liƙe ta da dalma. Busasshiyar iska kuma tana tsotse katako, wuya ya ɗan lanƙwashe, bakin ƙarafunan da ke jere a kansa ya fito yana yankar yatsa. Da damina ta sauka sai katakon ya sake kumbura, tsatsa ta kama tsirkiya.

Mun kai jitar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Bai taɓa buɗe jita ba, amma da ya ɗora mita a kan pikof ya ga ta nuna kusan om dubu 8, sai ya ce, "Yaro, wannan da ranta." A nan ne wahalar mai rabin rami ta bayyana. Yawancinta ba ta da murfi a baya, duk kayan cikinta ta 'yar tsagar gaba ake zaro su, ta nan kuma ake mayar da su. Dabarar ita ce a ɗaura zare mai ƙarfi a kan kowane mamurɗi kafin a kwance shi a tura ciki, domin idan an gama gyara a jawo shi da zaren ya koma raminsa. Na ga dattijon ya zana hoton wayoyin a bayan kwali tun kafin ya taɓa komai, ya shimfiɗa tsumma kada ɗigon dalma ya ƙona fenti, sannan ya haɗa kayan a waje ya gwada su ta hanyar ɗan ƙwanƙwasa pikof da sukudireba. Da lasifika ta amsa da "ƙwas", fuskar saurayin ta sauya. Mamurɗi guda kawai aka sauya, mai om dubu 500, irin wanda ya dace da pikof mai naɗi biyu, kuma a Sabon Garin Zariya aka samo shi.

Gurnanin nan da ya sa aka rataye ta yana da nasa dalili. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma naɗin pikof yana kama wannan kaɗawa daga wayoyin ɗaki kamar yadda eriya ke kama tasha. Don magance haka ne Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson pikof mai naɗi biyu a 1955, inda naɗi ɗaya ke soke gurnanin ɗayan. Amma ko da shi, idan siririyar wayar da ta haɗa tsirkiyoyi da layin ƙasa na jitar ta tsinke, gurnani zai dawo. Ita ce ta tsinke a wannan jita.

Akwai wani batu da ya fi murya nauyi. Tunda tsirkiya a haɗe take da jikin amfilifaya, duk wutar da ta zurara a can tana iya biyowa hannun makaɗi. A ƙauyukanmu da yawa janareta ake ja, ba a kafa masa sandar ƙasa ba, sau da yawa ma an cire kan filogi an soka wayoyi tsirara a soket. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotlan, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea bayan ya taɓa makirufon da wuta ta kama. Duk makaɗin da ya ji leɓensa na tsirawa idan ya kusanci makirufo, ya ajiye jita nan take a kira mai aikin lantarki. Cikin amfilifaya kuwa ba wurin koyon gyara ba ne, domin tana iya riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket.

Kafin mu tashi, dattijon ya goge wuyan jitar, ya ce a daina rataye ta kusa da taga, a riƙa mayar da ita jaka da zarar an gama, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Saurayin ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi shida, ya saita su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya naɗe ta a zanin mahaifiyarsa ya hau bayan babur zuwa gida.